Bodo, lakwal da ruwan garka: tambayoyi da amsoshi kan mulkin Faransa a ƙauyukan Adar lokacin yaƙin 1939 zuwa 1945

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai, malaman lakwal da masu neman tarihin garuruwansu a jihar Tawa suka fi yi game da zamanin. Mai karatu zai ga abu ɗaya yana ta dawowa cikin amsoshin, wato kundin ƙidayar jama'a. Daga cikinsa ake fitar da mai biyan bodo, wato harajin kai, da mai zuwa aikin tilas, da soja, da ɗan lakwal.

Wa ke riƙe da ƙauye a wancan lokaci?

Nijar ta zama ƙasar mallaka mai gwamnanta a 1922, aka maido da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Gwamnan Yamai yana ƙarƙashin babban gwamna da ke Dakar. Ƙarƙashin gwamnan Yamai akwai kumandan a kowane yanki, kamar wanda ke zaune a barikin Tawa, da Turawan da ke Ƙonni da Madawa. Daga kumandan sai sarkin kanto, irin na Illela, Keita, Tamaske ko Buza, sannan hakimin gari, sannan maigida.

Turawan ba su da yawa. Bature ɗaya ko biyu ne ke kan ƙasar da ake kwana da kwanaki ana ratsa ta bisa doki. Saboda haka talaka ya fi sanin tafinta, da ɗan sandan kumandan mai jar dara, da dogarin sarki. Ƙarfin kumandan kuwa yana cikin dokar andijena, wadda ta ba shi ikon ɗaure mutum ko cin sa tara ba tare da alƙali ba. A asalinta ɗaurin yana kaiwa kwana 15, tara kuma tamma 100. Jinkirin biyan bodo, ƙin fita aiki, rashin zuwa ƙidaya, duk suna cikin laifuffukan da take hukuntawa.

Yaƙin da ake yi a Turai, me ya kawo shi Adar?

Jamus ta ci Faransa a watan Yuni 1940. Babban gwamna Pierre Boisson ya tsaya da gwamnatin Vishi ta Marshal Pétain, mai haɗa kai da Jamus, alhali Cadi ƙarƙashin Félix Éboué ta bi Janar De Gaulle a watan Agusta, Najeriya kuma tana hannun Ingila. Nijar ta wayi gari da abokan gaba kudu da gabas. Aka tsaurara iyaka, ita kuwa iyakar nan ita ce numfashin Adar: ta nan ake kai dabbobi Sakkwato da Kano, ta nan tufafi da goro ke shigowa, ta nan samari ke tafiya cin rani su samo kuɗin bodo. Fatauci bai mutu ba, ya koma na dare ne, ta hanyoyin daji.

Kayan kanti suka yi wuya: yadi, sukari, sabulu, fetur. Motocin gwamnati suka koma tafiya da gawayi, ɗaukar kaya ya koma kan raƙuma da jakai da kawunan mutane. A watan Nuwamba 1942 Dakar ta koma ɓangaren ƙawancen Ingila da Amurka, a shekarar da Jean Toby ya zama gwamnan Nijar. Kada a ɗauka sauƙi ya zo daga nan. Daga 1943 zuwa 1945 ne aka ƙara matsa wa ƙauyuka da neman hatsi, dabbobi, fatu da sojoji, da sunan taimakon yaƙi.

Yaya ake yanka bodo, yaya kuma ake karɓarsa?

Mataki na farko ƙidaya. Kumandan ko mataimakinsa ya fito rangadi, a tara gari a dandali, kowane maigida ya tsaya da iyalinsa, magatakarda yana rubuta sunaye: maza, mata, yara, tsofaffi, da dabbobi. Shekarun yaro da ido ake ƙiyasta su, don babu takardar haihuwa. Ana cire sojoji, naƙasassu, tsofaffin da ba su da mai ɗauke da su, da yaran da ba su kai ba. Mata suna biya kamar maza, kuma maigida ne ke ɗauke da nauyin kowa a gidansa.

Mataki na biyu, gwamna ya yanka abin da kowane kai zai biya a shekara. Ba ɗaya ba ne ko'ina. Yankin da ake ganin yana da kasuwa ko amfanin gona na sayarwa ya fi biya. A ninka wannan da yawan sunayen gari, shi ne bashin da ke kan garin.

Mataki na uku, bayan kaka sarkin kanto ya aika wakilai, hakimi ya bi gida gida. A kai kuɗin bariki wurin ma'aji, a ba da shaidar biya. Sarki da hakimi suna da ladan kamasho bisa abin da suka tara, kuma wanda ya gama da wuri shi ake yabo a takardar shekara.

Inda abin ke lalacewa shi ne nan: ba kowace shekara ake sabunta ƙidaya ba, gari yana iya yin shekaru da tsohon kundi. Wanda ya mutu sunansa na nan, wanda ya tsallaka Najeriya sunansa na nan, kuma gari ake bi bashi, ba mutum ɗaya ba. A ce kundi ya nuna mutum 400, 60 sun tafi ko sun rasu. Saura 340 za su biya na 400, nauyin kowa ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin 100 ba tare da gwamna ya ƙara ko tamma ɗaya ba. Ƙarin nauyin ya sa wasu su gudu, baɗi waɗanda suka rage su ɗauki fiye da haka. Garuruwan bakin iyaka, tsakanin Ƙonni da Madawa, sun fi kowa sanin wannan.

Ai kuɗin ba su da yawa in an duba takarda. Me ya sa dattawa ke ambatonsa da ɗaci?

Domin da kuɗin Faransa ake biya, manomin Adar kuwa hatsi gare shi da awaki. Kowa yana fitar da gero kasuwa lokaci ɗaya, bayan girbi, sa'ad da farashi ke ƙasa. Da bazara ko tsakiyar damina, in rumbu ya ƙare, sai ya sayi geron nan da tsada. Wanda ya samo sule da fam a Najeriya sai ya canza su, mai canji ya ci nasa. Ga ƙarin da wasu wakilan sarki ke ɗorawa, ga ciyar da su da dawakinsu muddin suna gari. Wanda ya kasa biya ana iya shanya shi a rana, ko a kama akuyarsa, ko a tsare shi har dangi su kawo.

Makiyaya fa?

Buzaye da Fulani ana ƙidaya su ƙarƙashin shugabanninsu, ba ta gari ba, suna biyan na kai da jangali bisa kowace dabba. A lokacin yaƙi abin da ya fi cin su shi ne kamen raƙuma don sufuri da sayen shanu a farashin gwamnati. Tun bayan tawayen Buzaye ƙarƙashin Firhun da Kawsan a 1916 da 1917 Faransa ba ta sake sakin jiki da arewacin Tawa ba.

Akwai harajin lakwal na musamman?

A takarda lakwal kyauta ce tun dokokin ilimi na 1903. Albashin mushe, wato malamin lakwal, da allo da littattafai daga baitulmalin Nijar suke fita, baitulmalin kuwa bodo da jangali ne suka fi cika shi. Wato kowane manomi ya biya lakwal, ko da babu ita a kantonsa.

Bayan wannan akwai abin da gari ke biya da jikinsa, shi ne mutane ke tunawa a matsayin harajin lakwal. Ginin aji da gidan mushe, da yaɓe da rufi kowace shekara, aikin gayya ne na dole. Yaran da aka kwaso daga ƙauyuka masu nisa suna bukatar masauki da abinci, sai a ɗora wa sarki, sarki ya ɗora wa garuruwa: wannan ya kawo dammunan gero, wancan itace, wata unguwa ta ba da matan daka. Ga kuma gonar lakwal. A shekarun 1930, zamanin da Jules Brévié, tsohon gwamnan Nijar, yake babban gwamna a Dakar, an mai da lakwal ɗin karkara wurin koyon noma, yara suna raba yini tsakanin aji da gona. Da yaƙi ya zo, kuɗi suka yi ƙaranci, sai gonar ta zama abin ciyar da makarantar kanta. Uba yana ganin an ɗauke masa ɗa daga gonarsa an kai shi noma gonar wani.

Abin da aka samu a madadin wannan kaɗan ne ƙwarai. Tsani ne mai ƙunci: lakwal ta gari, sannan ta yanki, sannan babbar firamare ta Yamai, daga nan 'yan ƙalilan su wuce makarantar William Ponty a Senegal. Boubou Hama da Diori Hamani duk sun yi karatu a Ponty. Djibo Bakary ya yi karatun farko a Tawa, ya je Ponty, ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas. Amma har ranar samun 'yancin kai a 1960, yaran Nijar da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

Shi ya sa iyaye ke ɓoye 'ya'yansu?

Shi ne babban dalili, tare da wasu. Ɗaukar ɗalibai kamar ɗaukar soja take: kumandan ya ce kanto kaza ya kawo yara kaza. Da Faransanci kaɗai ake koyarwa, ana hukunta yaron da ya yi Hausa a aji. Malaman allo suna ganin hanya ce ta raba yaro da addininsa, su kansu kuma sai da izinin bariki suke buɗe makaranta. Don haka ake tura yaro rugar dangi, ko almajiranci Sakkwato, ko a ɓoye shi cikin rumbu ranar da dogari ya zo. Masu sarauta da dama sun miƙa 'ya'yan barorinsu a madadin nasu, waɗannan yaran kuma su ne daga baya suka zama ma'aikatan gwamnati. 'Yan mata kusan babu su a ajin karkara.

Mene ne rumbun kumandan?

Nijar ta sha yunwa mai tsanani a 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta kuma sha wata a 1931 bayan fari da fara, inda aka ci gaba da karɓar bodo mutane suna mutuwa a yammacin ƙasar. Bayan wannan abin kunya ne gwamnati ta ƙarfafa rumbunan tanadi na dole. Kowane maigida zai zuba hatsi gwargwadon yawan mutanensa a kundi, a rumbunan da aka jera wuri ɗaya a bakin gari, ba a buɗewa sai da izini. Akwai kuma asusun tanadi da kowane mai biyan bodo ke zuba wa kuɗi tare da bodonsa, wanda ke ba da rancen iri.

Tanadi ba baƙon abu ba ne a Adar. Manyan rumbunan laka na ƙasar nan suna riƙe gero da zangarniyarsa shekara biyu ko uku. Abin da ya ɓata na kumandan uku ne. Ana karɓa ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba. Izinin buɗewa yana zuwa a makare, bayan mutane sun riga sun ci irin shuka. Sannan mai hatsi ba shi ke duba rumbun ba, to in rufi ya yi yoyo ko gara ta shiga ta ƙasa, ba mai gani sai ranar buɗewa. A shekarun yaƙi, rumbun da ke jere a fili ya sauƙaƙa wa bariki sanin inda hatsi yake in ana neman abincin soja da ma'aikata.

Kwana nawa ake yi a aikin tilas?

Dokar 1912 ta ɗora wa kowane namiji mai lafiya kwanaki a shekara, wajen goma, ba lada, don gyaran hanya, gina masaukin baƙi, haƙa rijiya da share filin jirgi. Doka ta ce kada a yi shi lokacin noma, kuma a ciyar da wanda aka kai nesa. A aikace kwanakin tafiya ba sa shiga lissafi, mutum da guzurinsa yake zuwa, kuma wanda ba shi da kowa a fada shi ake maimaitawa. Hanyoyin mota na ƙasa da suka haɗa Tawa da Ƙonni da Agadas haka aka yi su, kowace damina ruwa ya cinye, kowace kaka a sake fitowa.

Soja kuwa, tun 1919 aikin shekara uku ne. Ana tara samari, likita ya duba, a yi ƙuri'a. Waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa wa ba suna cikin kashi na biyu, wanda tun 1926 ake iya kwasa zuwa manyan ayyukan gwamnati.

Faransa ta gina madatsun ruwa a Adar lokacin yaƙi? An ce akwai Office du Niger.

A'a. Office du Niger, da aka kafa a 1932 bisa shirin injiniya Émile Bélime, a Mali ta yau yake, wajen Segu. Sunan kogin ya ɗauka. Madatsarsa ta Markala an fara ta a 1934, aka gama a 1947, da ƙarfin 'yan kashi na biyu, aka kuma kwaso manoma da tilas, da yawansu Mosawa. A Nijar abin da aka yi ƙanana ne, a bakin kogin Kwara, kamar fadamar Kutukale da gonar gwaji ta Kollo a shekarun 1930.

Manyan ayyukan ruwa na jihar Tawa duk na bayan 'yanci ne: Ibohamane a ƙarshen shekarun 1960, hukumar ONAHA mai kula da filayen noman ban ruwa na ƙasa a 1978, filin Ƙonni mai fiye da hekta 2,000 da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zongo, filin Galmi, da aikin raya kwarin Keita da ya fara a 1984. Ko noman kaɗa na kamfani a Majiya sai a shekarun 1950 ya kankama.

To da me ake ban ruwa a lokacin?

Da hannu, da dabarar da manoma suka gada. Kwaruruwan Majiya, Keita, Badagishiri da Tarka suna ɗaukar ruwan da ke gangarowa daga duwatsu, ya malala, ya nutse. Hanya biyu ake cin moriyarsa.

Ta farko, shuka bayan janyewar ruwa. Ƙasar laka da ta sha ta ƙoshi ana shuka mata dawa, kaɗa, wake ko kabewa a ƙarshen damina, su rayu da laimar da ke ƙasa ba tare da an ɗebo ko guga ɗaya ba. Sharaɗinta ruwa ya bazu a hankali. In ƙorama ta yi zurfi ta zama kwazazzabo, ruwa ya wuce da gudu, fadama ta bushe.

Ta biyu, garka. A haƙa rijiya gaba biyu ko uku a gindin fadama, a kare bakinta da itace da kara don kada yashi ya rufta. Irin wannan rijiya ba ta wuce shekara, ambaliyar damina ke cike ta, a sake haƙawa da kaka. A ja ruwa da guga ko ƙwarya, inda ruwa ke kusa kuma a kafa jigo, a zuba a ƙaramar hanya da ke bi tsakanin fangula. Kowane fangali taki ɗaya ko biyu ne, an daidaita shi sosai, don in ya karkata gefe ɗaya ya ruɓe, ɗayan ya ƙone. Albasa ana yafa irinta a ƙarshen damina, ta yi kwana 40 zuwa 50, a dasa da sanyi, a cire bayan wata uku zuwa huɗu. A daina ba ta ruwa kamar mako biyu kafin cira, in ba haka ba ba ta daɗewa a rudu. Ganyen a daka a shanya a yi gabu. Alkama da taba da barkono ma haka ake yi musu.

Lissafin ruwan shi ke nuna nauyin aikin. Albasa tana shan kamar lita 5 zuwa 6 a kowane murabba'in mita a yini, fiye da haka in zafi ya shigo. Garka mai murabba'in mita 500 tana bukatar wajen lita 3,000 kullum, wato guga mai lita 10 sau 300. Ƙarfin mutum ɗaya da yaransa ke nan. Yanzu a tuna dokar da ta ce a yi aikin tilas bayan damina don kada a taɓa noma. Ga mai gero wannan sauƙi ne. Ga mai garka kuwa lokacin ne kansa, kuma dashen albasa ba ya jure kwana goma babu ruwa. Ga shi albasa da taba su ne ke kawo tsabar kuɗin da ake biyan bodo da su.

Sarakuna azzalumai ne ko su ma an tilasta musu?

Duka biyun sun faru, kuma adalci shi ne a duba kowane sarki da aikinsa. Bariki ke naɗawa, bariki ke tuɓewa, sarkin da bodonsa ya makara yana iya rasa rawani. Akwai waɗanda suka rage sunaye ranar ƙidaya, suka rufe ido ga masu tsallaka iyaka, suka sha tara saboda jama'arsu. Akwai kuma waɗanda suka sa talakawa noma gandunsu da sunan aikin gwamnati, suka karɓi toshiya don cire ɗan mai kuɗi daga soja. Tsarin da ya haɗa ladan sarki da yawan abin da ya tatsa shi ne tushen ɓarnar, kuma Faransa ce ta tsara shi haka da saninta.

Yaushe abin ya ƙare?

Taron Brazzaville na farkon 1944 ya yi alkawarin sauyi. An soke andijena tsakanin ƙarshen 1945 da farkon 1946. Dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu 1946 ta haramta aikin tilas, dokar Lamine Guèye ta watan Mayu ta ba mutanen ƙasashen mallaka matsayin 'yan ƙasa, a watan ne kuma aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai. Kuɗin sefa an ƙirƙiro shi a watan Disamba 1945. Bodo dai bai tafi tare da su ba. Ya wuce 1960, sai a ƙarshen shekarun 1970, bayan babban fari, gwamnatin Seyni Kountché ta soke harajin kai na ƙasa, aka bar na ƙananan hukumomi.

Ina son sanin abin da ya faru a garinmu. Daga ina zan fara?

Fara da gida. Mutanen da suka ga zamanin da idonsu sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu sun ji daga bakinsu. Kada ka tambayi shekara da lamba, tambayi wane sarki ke kan gado, wace yunwa ce ta gabata, wane laƙabi ake yi wa kumandan. Ka zauna da tsofaffin mata daban, su suka san zancen daka da rumbu. Gidajen mazan jiya sukan adana littafin soja, yana ɗauke da ranar ɗauka da wuraren da mutum ya je.

Sannan ka rubuta sunan garinku da na kanto yadda Faransawa ke rubuta su, da duk sauye-sauyen rubutun, domin da su aka jera takardu. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai nemi rahoton rangadi, rahoton siyasa na wata uku-uku, da tarihin yanki da kumandoji ke rubutawa. Cibiyar bincike ta IRSH a jami'ar Yamai tana da rubuce-rubucen ajami da na Larabci. Takardun babban gwamna suna Dakar, wasu kuma a Aix-en-Provence ta Faransa. In ka samu ƙidaya biyu na garinku, ɗaya kafin 1939 ɗaya bayan 1945, jera su gida gida, ka ware gidajen da suka ɓace, ka koma wurin dattawa da sunayen ka tambayi inda kowannensu ya nufa.